Baƙin tabon fuskar waya ba ya jin danna, ba ya jin shanya

Daga teburan masu cajin waya a Gwarzo har majalisun samari a Kabo, da zarar baƙin tabo ya fito a fuskar waya shawarar ɗaya ce: "Ruwa ne ya shiga, shanya ta a rana," ko "Danna wurin da yatsa, tawadar za ta koma." Gurguwar shawarar nan ta kashe wayoyin bayin Allah ba iyaka.

Fuskar galibin wayoyin Itel da Tecno masu sauƙin kuɗi, da ta kalkuleta da mitar wuta, gilasai ne biyu da wani sinadari a tsakani, wanda kaurinsa bai kai na gashin kai ba. Yana malala, amma ƙwayoyinsa a jere suke sahu-sahu. Lantarki ke juya sahun, haske ya wuce ko ya tsaya, hoto ya bayyana. Friedrich Reinitzer, masanin tsirrai ɗan Ostiriya, shi ya fara lura da irinsa a 1888: a zafin digiri 145 ya narke ya yi dususu, a wajen 178 ya washe tas. Wato zafi ne ke wargaza sahun.

To ina amfanin shanya? Wayar da aka manta a gaban mota cikin zafin Afrilu fuskarta kan yi duhu, kuma wannan yawanci yakan baje idan ta huce a inuwa. Amma tabon da ya biyo bayan faɗuwa, ko zama kan waya a aljihun baya bisa acaɓa, gilashin ciki ne ya tsage, ko da na waje lafiya lau. Sinadarin ya gusa, siraran hanyoyin wutar sun katse. Duk dannawar da ka yi tsagewar kake ƙarawa, ɗan ɗigon jiya gobe ya cinye rabin fuska. Rana kuwa baturi za ta lalata maka. Masu shafa wa tabon man goge baki kuma, Allah ya shirye ku.

Tun ana ganin rubutu, kwashe lambobi da hotunanka. Kai wa mai gyara ya canza fuskar. In babu irinta a gari, akwai kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Kafin ka biya, taɓa kusurwoyi huɗu ka tabbatar suna amsawa. Kada a bai wa yara fasasshiyar su yi wasa, kuma in sinadarin ya taɓa hannu a wanke da sabulu. Ku kuma masu caji, ku janye teburinku cikin rumfa kafin rana ta take.