Kiɗan Sinawa a finafinai

Kiɗan Sinawa a finafinai wani salon kiɗa ne da ake ɗorawa a kan fim, wanda ake amfani da kayan kiɗan gargajiya na ƙasar Sin ko kuma a kwaikwayi amonsu. A ƙasar Hausa an san shi ne ta hanyar finafinan faɗa da ake kira "Cainis", waɗanda suka yi tashe daga shekarun 1970.

Tarihi

Gidajen sinima na Kano irin su Plaza, Orion da El Dorado sun riƙa nuna finafinan Hong Kong tare da na Indiya da na Amurka. Bruce Lee da Jackie Chan na cikin taurarin da suka fi farin jini. Da bidiyo ya yawaita, finafinan sun isa gidajen kallo na garuruwa irin su Bichi, Ɗambatta da Minjibir, inda ake haska su da janareto. Daga baya kamfanin StarTimes, wanda ya fara aiki a Najeriya a 2010, ya riƙa nuna wasannin Sinawa da aka fassara zuwa Hausa.

Ba duk masu tsara kiɗan ne Sinawa ba. Lalo Schifrin, ɗan asalin Ajantina, shi ya yi kiɗan Enter the Dragon na 1973. Kiɗan The Last Emperor na 1987, wanda ya ci kyautar Oscar, aikin mutum uku ne: Ryuichi Sakamoto ɗan Japan, David Byrne da Cong Su. Tan Dun ya ci irin wannan kyauta a 2001 da kiɗan Crouching Tiger, Hidden Dragon.

Kayan kiɗa

Da yawa daga kayan suna da takwarorinsu a wajen Hausawa. Erhu yana da tsirkiya biyu kuma ana goga shi, kamar yadda ake yi wa goge da kukuma masu tsirkiya ɗaya. Dizi sarewa ce ta gora. Suona tana kama da algaita a ƙira da ƙarfin amo, kuma ana busa ta a bukukuwa da jana'iza. Pipa da guzheng kuwa da yatsu ake kaɗa su, kamar garaya ko molo.

Dalilan sosa zuciya

Dalili na farko shi ne tsarin sauti. Yawancin kiɗan gargajiyar Sin an gina shi a kan matakan sauti biyar: gong, shang, jue, zhi da yu. Kiɗan Hausa da yawa shi ma a kan matakai biyar yake tafiya, saboda haka kunnen da ya saba da kukumar Hassan Wayam ko ta Ahmadu Doka ba ya jin amon a matsayin baƙo.

Na biyu shi ne kama da muryar mutum. Erhu ba shi da gaɓoɓin da ke tsayar da yatsa, don haka makaɗi yana iya zamewa daga wani sauti zuwa wani ba yankewa, kamar mai shesshekar kuka. Shi ya sa ake sa shi a wurin mutuwa, rabuwa ko kewar gida.

Na uku ya shafi harshe. Sinanci da Hausa duka harsuna ne masu karin sauti, inda hawa da saukar murya ke bambanta ma'ana. Sinancin Mandarin yana da manyan kari huɗu, Hausa kuma tana da na sama, na ƙasa da faɗau. A al'ummomin biyu an saba da kiɗan da ke bin karin magana, kamar yadda kalangu yake yi.

Na huɗu shi ne maimaitawa. Akan ba jarumi takensa na kansa. A fim ɗin Once Upon a Time in China na 1991, wanda Jet Li ya fito a matsayin Wong Fei-hung, taken ya samo asali ne daga wani tsohon kiɗan gargajiya, kuma ana sako shi duk lokacin da jarumin zai nuna bajinta. Wannan ya yi daidai da aikin take da kirari a wasan dambe da kokawa. A zamanin da ba a fassara finafinan, kiɗan ne ke gaya wa mai kallo inda tausayi ko haɗari yake.

Suka

Masana suna sukar wasu finafinan Yamma da cewa suna taƙaita kiɗan Sin zuwa 'yan sautuka kaɗan da bugun kuge, alhali ƙasar tana da ƙabilu 56 da salon kiɗa iri-iri.

Wannan muhawara ta shafi Kannywood. Tun shekarun 1990 akasarin kiɗan finafinan Hausa da fiyano ake haɗa shi, kuma tasirin Indiya ya rinjayi na Sin nesa ba kusa ba. Goge kuwa wasu na ƙyamarsa saboda alaƙarsa da bori. Yayin da masu tsara kiɗa irin su Tan Dun suka shigar da erhu cikin manyan ƙungiyoyin makaɗa, goge, kukuma da sarewa ba kasafai ake jin su a finafinan Hausa ba.