Mudu da Mizani: Faɗakarwa ga Masu Saye da Sayarwa

Tun zamanin da, malaman fiƙihu sun bambanta tsakanin abin da ake aunawa da mudu, wato kaili, da abin da ake ɗorawa bisa mizani, wato wazni, domin sun fahinci cewa mudu yana bayyana wurin da abu ya cika ne kawai, mizani kuwa nauyinsa yake faɗi, kuma ba lalle ne biyun nan su dace da juna ba. Yanzu da sikeli ya shiga kasuwanni, lita da kilo suka zama ruwan dare a bakin jama'a, sai ga shi mutane da yawa, har da masu ilmin boko, sun ɗauka cewa lita guda kilo guda ce ko da mene ne aka zuba a ciki, kuma ta wannan ƙofa hasara take shigo wa mai saye, wani lokaci ma mai sayarwa, ba tare da ɗayansu ya yi nufin zalunci ba.

Asalin ruɗun daga ruwa yake. Sa'ad da hukumar Faransa ta tsara waɗannan ma'aunai a shekarar 1795, da ruwa ta kafa misali, shi ya sa litar ruwa take da nauyin kilo ɗaya. Sauran abubuwa kuwa kowane da tasa danƙarewar, kuma hanyar saninta ba ta da wuya: a auna nauyin abin, a cire nauyin mazubinsa, sa'an nan a raba da yawan litarsa. Litar man gyaɗa wajen giram 910 ce, saboda haka jarka mai lita 25 ba ta cika kilo 23 ba, kuma wanda ya biya kuɗin kilo 25 a kanta ya yi kyautar fiye da kilo biyu bai sani ba. Litar zuma kuwa takan kai kilo ɗaya da giram 400. Idan ta gaza haka ƙwarai, to an tsarma ta da ruwa, ko da yake mai algus da ya dafa sukari ya yi kauri zai iya tsallake wannan jarrabawa.

Sha'anin hatsi ya fi haka rikitarwa, gama akwai iska tsakanin ƙwaya da ƙwaya, kuma mudun da aka yi wa tozo daban yake da wanda aka share bakinsa, haka nan shanshera ba ta kai gyararriyar shinkafa nauyi ba a mudu guda. A nan ya kamata a yi hattara da zakkar fid da kai. Shari'a ta ƙayyade ta da sa'i, wato mudun Annabi huɗu, kuma sa'i awon cika ne. Don haka duk adadin kilo da wani malami ya faɗa, ya faɗe shi ne bisa wani nau'in abinci, kuma bai kamata a ɗauki lissafin shinkafa a ɗora wa gero ko masara ba sai an sake aunawa.

Magabata ba su raina wannan ilmi ba. Albiruni, wanda aka haifa a shekarar 973, ya ƙirƙiri wani mazubi mai bututu da yake tara ruwan da ƙarfe ya ture idan an nutsar da shi, daga baya kuma Alkhazini na birnin Marwa ya wallafa Mizanul Hikma a kan gane zinariya da azurfa da duwatsu masu daraja ta hanyar awo. Dabarar tana nan da amfaninta ga duk mai sayen sarƙa ko awarwaro. Tsantsar zinariya tana da giram 19.3 a kowace mililita, azurfa 10.5, jan ƙarfe kusan 9. Ke nan zinariya mai giram 58 mililita 3 kacal za ta ɗaga ruwa, alhali jan ƙarfe mai wannan nauyi zai ɗaga fiye da 6. Zinariyar ado takan ɗan wuce 3, tun da ana gauraya ta don ta yi ƙwari, amma ba za ta ninka ba.

Inda kuskuren ruɗa nauyi da cika yake zama haɗari ga rai shi ne maganin yara. Miligiram nauyin maganin ne, mililita kuwa yawan ruwan da aka narkar da shi a ciki, kuma rubutunsu a jikin kwalba yana kama da juna ga wanda bai saba ba. Idan an rubuta cewa akwai miligiram 120 na farasitamol a kowace mililita 5, likita kuma ya ce a ba yaro miligiram 120, to mililita 5 ake nufi. Wata kwalbar tana ɗauke da ninkin wannan ƙarfi a cikin mililita 5 ɗin, don haka wajibi ne a karanta kowace sabuwar kwalba, ko a nemi mai ba da magani ya nuna layin da za a tsaya, kuma a auna da ɗan kofin da ya zo tare da ita, domin cokulan gida kowane da girmansa.