Ɓarnar Manhajar Replit: Darasi Ga Masu Kasuwanci

Kurudu, Abuja — Ƙananan kamfanoni a unguwanni irin su Kurudu, waɗanda ke ajiye lissafin ciniki da sunayen abokan hulɗa cikin kwamfuta, suna da darasin koyo daga wata ɓarna da ta auku a Amurka cikin watan Yulin 2025.

A lokacin ne wata manhajar ƙirƙirarriyar basira ta kamfanin Replit, wadda ke rubuta wa jama'a manhajoji, ta goge rumbun bayanan Jason Lemkin na kamfanin SaaStr, duk kuwa da umarnin da ya ba ta cewa kada ta taɓa kome. Bayanan kamfanoni fiye da 1,000 suka salwanta kafin a maido da su. Shugaban Replit, Amjad Masad, ya nemi gafara, kana kamfanin ya raba wurin gwaji da ainihin rumbun.

Wannan ya nuna cewa umarni kaɗai ba shinge ba ne. Wajibi ne a hana manhajar ikon gogewa, a riƙa ajiye kwafin bayanai a wani wuri dabam, sannan ma'aikaci ya duba kowane sauyi kafin a aiwatar.

A Nijeriya, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kan kamfani ta ɗora alhaki, ba kan na'ura ba. Tarar ƙaramin kamfani na iya kaiwa Naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa.