Kafin Ka Zagi Kamfanin Layi, Leƙa Cikin Rautarka

Duk gidan da aka sa intanet, da wuya a yi kwana biyu ba a ji wani ya ce "netwok ɗin nan ya lalace" ba. Bidiyo ya tsaya yana ta juyi, kiran WhatsApp ya yanke ana tsakiyar gaisuwa, ɗalibi zai tura aikin makaranta shafi ya ƙi buɗewa. Nan take sai a ɗora wa kamfani laifi, ko MTN ne ko Airtel ko Glo ko wanda ya jawo waya zuwa gidan. Wani lokaci kuwa laifin daga can ne. A ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku irin su WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka samu matsala, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama sun shiga wahala, kuma babu abin da mutum zai taɓa a ɗakinsa ya gyara wannan. To amma irin wannan rana ba kullum take zuwa ba. A mafi yawan ranaku, wani kaso na saurin da aka biya kuɗinsa a cikin gidan yake salwanta, tsakanin rauta da kwamfuta. Saiti ba zai ba ka abin da kamfani bai aiko maka ba, amma yana iya dawo maka da wanda ke zubewa a hanya.

Saboda haka awo ne farko. Buɗe fast.com, wanda kamfanin Netflix ya samar, ko Speedtest na Ookla, ka tsaya dab da rauta ka auna, sannan ka tafi ɗakin da aka fi kuka da shi ka sake aunawa. Yi haka da sassafe, ka maimaita bayan sallar isha'i. Idan kusa da rauta ka samu 30, a ɗakin ƙurya ka samu 4, matsalar ta cikin gida ce, kuma tana da magani. Idan ko'ina a gidan adadin ɗaya ne, amma da asuba ya yi sama da dare ya faɗi, to cunkoso ne a turken kamfani, kai da duk unguwa kuna rabon abu ɗaya. A kula da wani ruɗani da ke sa mutane zargin an cuce su: kamfanoni da megabit suke talla, wato Mbps, ita kuwa burauza da megabait take nuna saukar fayil. Bit takwas ne ke yin bait ɗaya. Wanda ke da layin 20 Mbps ya ga fayil yana sauka da MB 2.5 a daƙiƙa, ya samu haƙƙinsa cif.

Inda aka ajiye rauta ya fi kowane saiti tasiri, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A gidajenmu akan ajiye ta ne inda soket yake, sau da yawa a bayan talabijin, ko cikin kabad don kada yara su taɓa, ko a ƙasa kusa da inbata. Rautar da ake sa wa layin waya, irin ta 4G ko 5G ko ƙaramar MiFi, aiki biyu take yi a lokaci guda: tana kamo sigina daga turken kamfani, tana kuma raba shi ga na'urorin gida. Katangar bulo da siminti tana rage ƙarfin sigina, ƙarfe kuwa ya fi ta ɓarna, ko rufin kwano ne ko ƙofar ƙarfe ko firiji. Ruwa ma yana shanye shi, don haka kusa da tanki ba wurin rauta ba ne. A ɗaga ta sama, a fili, kusa da tagar da ke fuskantar turken da ya fi kusa. Kada a dogara da sandunan sigina da ke jikinta, don ba su da cikakken bayani. A shiga shafinta ta burauza, adireshin yana rubuce a takardar da ke manne a ƙasanta, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei kuma sau da yawa 192.168.8.1. A rautoci da yawa za a ga wani adadi mai suna RSRP. Idan yana kusa da -80, sigina yana da kyau. Idan ya gangara zuwa -110, ya yi rauni ƙwarai. Matsar da rauta taku biyu ko juya fuskarta kan sauya wannan adadi fiye da yadda mutum zai zata. Sai dai taga tana da nata sharrin. Zafin watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, idan rana ta doki rauta kai tsaye, sai ta yi zafi ta rage aiki ko ta riƙa mutuwa tana tashi. A nema mata inuwa da iska.

Tunda an shiga shafin, sai a duba zangon Wi-Fi. Yawancin rautocin yanzu suna watsawa a zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Wannan 5 GHz ɗin ba shi ne 5G na kamfanonin waya ba, suna ne kawai ya yi kama. Na 2.4 yana tafiya nesa, yana ratsa katanga, amma saurinsa kaɗan ne kuma cike yake da hayaniya, domin Bluetooth da murhun maikurowef da rautocin maƙwabta duk a nan suke. Na 5 ya fi sauri nesa ba kusa ba, sai dai katanga biyu sun isa su karya shi. Abin da ya dace shi ne a ba kowane zango sunansa daban, kwamfuta da talabijin da ke ɗaki ɗaya da rauta su hau na 5, wayoyin da ke yawo har zaure su zauna a na 2.4.

A cikin zangon 2.4 akwai tashoshi, kuma duk wanda ya taɓa murɗa rediyo a gajeren zango ya ji tasha biyu suna hawa kan juna ya san abin da ke faruwa idan rautoci biyu suka haɗu a wuri ɗaya. Tashoshi uku ne kawai ba sa shiga juna: 1 da 6 da 11. Wanda ke zaune a gidan haya mai ɗakuna da yawa, ko a rukunin gidaje inda kowa ke da tasa rauta, ya sauke manhajar duba Wi-Fi a wayar Android, ya ga wace tasha maƙwabta suka cika, ya koma wadda ta fi sarari a cikin ukun nan. Ya kuma bar faɗin tashar a 20 MHz. Zaɓin 40 yana da ban sha'awa a ido, amma a wuri mai cunkoso ƙarin karo kawai yake jawowa. Wanda gidansa ke can gefen gari babu maƙwabci kusa, wannan bai dame shi ba.

Sai maganar da ke da ɗan nauyi a baki, wato su wa ke kan layin. Mu mutane ne masu kunya. Baƙo ya zo ya nemi fasuwod, ba a hana shi. Ɗan maƙwabta ya roƙa sau ɗaya, an ba shi. Tun daga Android 10, duk wanda ya hau Wi-Fi yana iya nuna wa abokinsa lambar QR shi ma ya hau, ba tare da mai gida ya sani ba. Shafin rauta yana nuna jerin duk na'urorin da ke haɗe, kuma mutane da yawa kan sha mamaki ranar da suka fara dubawa. Ba sai an yi faɗa da kowa ba. A canza fasuwod, a buɗe layin baƙi daban idan rautar tana da shi, a sa masa iyaka. A nan kuma a duba nau'in tsaron: a zaɓi WPA2 mai AES, ko WPA3 idan akwai. Tsofaffin nan, WEP da TKIP, ban da sauƙin fasawa, suna danne saurin Wi-Fi kada ya wuce 54 Mbps. Kalmar shiga shafin rautar kanta, wadda sau da yawa take zuwa a matsayin "admin", ita ma a sauya ta.

Ɓarawon da ya fi kowa cin data kuwa yana kan teburinka. Kwamfuta mai Windows 10 ko 11 tana sauke sabuntawa ba tare da sallama ba, har tana iya tura wa wasu kwamfutoci abin da ta sauke ta wani tsari mai suna Delivery Optimization, wanda ake iya kashewa a sashen Windows Update. A saitin Wi-Fi akwai maɓallin da aka rubuta Metered connection. Idan aka kunna shi, kwamfutar za ta san datar a ƙirge take, ta rage ci a ɓoye. Danna Ctrl da Shift da Esc tare yana buɗe Task Manager, inda za a ga manhajar da ke jan netwok a wannan lokacin. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne ɗora kaya sama. An dawo daga biki, wayoyi uku sun cika da bidiyo, suna shiga gida suka fara tura su Google Photos ko iCloud. Hanyar turawa ta fi ta saukewa ƙanƙanta a yawancin layuka, kuma da zarar ta toshe, komai na gidan sai ya yi nauyi, har buɗe shafi. Idan rauta tana da sashen QoS, a nan ake fifita kiran bidiyo ko kwamfutar aiki a kan sauran.

DNS ya yi suna a bakin masu ba da shawara, har ya fi ƙarfin aikinsa. Shi ne ke fassara sunan shafi zuwa lambar adireshinsa. Idan na kamfaninka yana jinkiri, komawa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare, wanda aka buɗe a 2018, zai sa shafuka su fara buɗewa da wuri. Iyakarsa ke nan. Fim mai nauyin gigabait biyu ba zai sauka da sauri ba don an canza DNS.

Akwai kuma abubuwan da ni ban ga amfanin ɓata lokaci a kansu ba. Manhajojin da ke alkawarin ninka saurin intanet, mafi yawansu talla suke nuna maka da datarka. Dabarun taɓa rajistar Windows da ke yawo a bidiyoyi gadon zamanin Windows XP ne. Tun daga Windows Vista kwamfuta da kanta take daidaita saitin netwok ɗinta, kuma mai taɓawa ya fi kusa da ɓatawa. Labarin cewa Windows tana ɓoye kashi 20 cikin 100 na saurinka rashin fahimta ne da ya daɗe yana zagayawa. VPN kuwa, musamman na kyauta, ƙara wa tafiya nisa yake yi.

Abin da ya fi su duka arha da tabbas shi ne waya. Kebul na Cat5e yana ɗaukar gigabit ɗaya har tsawon mita 100, katanga ba ta dame shi ba, rautar maƙwabci ba ta dame shi ba. Kwamfutar tebur da talabijin da ba sa motsi, babu dalilin barinsu a Wi-Fi suna gasa da wayoyin yara. A dai duba ramin da ke bayan rautar, don wasu masu araha ba sa wuce 100 Mbps.

Idan an yi duk wannan awo bai motsa ba, sai a waiwayi kamfani, amma yanzu da hujja a hannu. A karanta sharuɗɗan tsarin da aka saya, domin da yawa daga cikin waɗanda ake kira marasa iyaka suna rage sauri bayan an ci wani adadi na gigabait. Idan rauta tana yawan faɗawa 3G, a kulle ta a 4G kaɗai a gani. Kafin a sayi sabuwar rauta ko a biya kuɗin wata guda, a ari layin wani kamfani a sa a waya a auna a wannan ɗakin da wannan lokacin, don kamfanin da ya fi ƙarfi a Sabon Garin Kano yana iya zama mafi rauni a unguwar Hotoro. Wanda ya kai kuka wurin kamfaninsa a Najeriya ba a saurare shi ba, hukumar sadarwa ta NCC tana da lambar kyauta, 622, kuma za a nemi lambar ƙorafin da kamfanin ya ba shi tun farko, don haka ya adana ta tare da hotunan awon da ya yi da ranakunsu.