Sirrin majiyyaci da laifin ma'aikaci: wanne ake rufewa, wanne ake tonawa?

 

Ya ku ƴan'uwa masu sauraronmu a Droum da ƙauyukanta, da Mirya, da birnin Damagaram, tambayar da za mu tsaya a kanta yau ta fito ne daga wata ma'aikaciyar jinya. Ba za mu faɗi sunanta ba, ba kuwa za mu faɗi gidan likitan da take aiki ba. Ta ce wani da ke gaba da ita a wurin aiki ya yi wa wani yaro allurar da wa'adinta ya wuce, yaron ya rasu, sa'an nan aka gyara abin da ke rubuce a rajista. Hujjar da ke hannunta ita ce takardar jinyar yaron, amma a cikin takardar an rubuta wata cuta da uwar yaron ke ɗauke da ita, wadda danginta ba su san da ita ba. In ta yi shiru, tana tsoron a maimaita a kan ɗan wani. In ta fitar da takardar, ta tona asirin matar da ta amince mata. Ta ce mu gaya mata wanne ne ya fi sauƙi a wurin Allah.

Abin da za mu fara warwarewa shi ne, sirrin nan na wane ne. Yawancin ruɗanin da ake shiga a gidajen likita daga nan yake tasowa, domin an ɗauki abubuwa biyu mabambanta an sa musu suna ɗaya. Akwai sirrin majiyyaci: cutarsa, tsiraicinsa, cikin da yarinya ta zo da shi, abin da mutum ya furta lokacin da zazzaɓi ya gusar da hankalinsa. Wannan amana ce, kuma mai ita shi ne majiyyacin. Akwai kuma abin da ma'aikata ke kira sirrin aiki, alhali kuwa laifin abokin aiki ne ake lulluɓewa: maganin da ya lalace, kuɗin da aka karɓa hannun uwa duk da cewa tun shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, rajistar da aka goge. Wannan na biyun ba amana ba ne. Wanda ya ce wa ƙaramar ma'aikaciya ta riƙe bakinta don sirrin aiki, ya ari rigar majiyyaci ne ya rufe kansa da ita.

A gari kamar namu nauyin na farkon ya fi na birni. Ma'aikacin jinya a ƙauye ya san mijin matar da ya duba, ya san kishiyarta, ranar kasuwa ma da surukinta zai gaisa. Kalma ɗaya da ta suɓuce masa a majalisa tana iya kashe aure kafin sallar magariba. Shi ya sa magabata suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Malaman fiƙihu sun yi wa mai wankan gawa irin wannan gargaɗi, cewa ya rufe aibin da ya gani a jikin mamaci, to ina ga mai rai da zai koma cikin mutane.

Wani lokaci bayyana laifi ba ya taɓa sirrin kowa. A shekarar 1995, lokacin da sanƙarau ya kama mutum fiye da 40,000 a Nijar, an kawo allurar rigakafi 88,000 kyauta daga Najeriya, ɗauke da sunayen manyan kamfanonin Turai. Ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF da ke yi wa jama'a allurar suka lura garin maganin ba ya narkewa yadda ya kamata, kuma akwai wasu baƙaƙen zare a ciki. Suka kai magana gaba. Da aka auna, sai aka tarar jabu ne, babu sinadarin rigakafi a cikinsa, bayan an ƙiyasta kusan mutum 60,000 sun riga sun karɓa suna zaton sun tsira. Babu sunan majiyyaci ko ɗaya da aka buƙata a nan. Kwalba aka nuna, kwalbar ta isa shaida.

Abin da ya faru a Kano shekara guda bayan haka ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma ya cancanci mu daɗe a kansa. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe mutum fiye da 10,000 a arewacin Najeriya. Ana cikin haka kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, ya gwada sabon magani mai suna Trovan a kan yara wajen 200; rabinsu aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi wannan ɓarna, ba maganinsa ba, kuma ya ce ma'aikatan jinya ƴan ƙasa sun yi wa iyaye bayani da Hausa, iyayen suka yarda da baki. Iyaye da yawa kuwa suka ce ba su san gwaji ake yi da ƴaƴansu ba. Ku lura da inda aka ajiye ma'aikatan jinya a wannan gardama: su ne harshen da aka ce an yi magana da shi, su ne kuma idon da ya ga abin da ya gudana.

Wani likitan kamfanin, Juan Walterspiel, ya rubuta wa shugaban kamfanin takarda yana nuna damuwa kan yadda aka gudanar da gwajin, ba da jimawa ba aka sallame shi daga aiki. A ƙarshen shekarar 2000 jaridar Washington Post ta fallasa labarin, daga baya kuma ta bayyana cewa takardar izinin da aka ce kwamitin ɗa'a na asibiti ya bayar, bayan gwajin aka rubuta ta aka mai da kwanan wata baya. Gwamnatin Najeriya ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi, ya gama rahotonsa a 2001, rahoton ya kwanta a aljihun tebur shekara biyar, sai a 2006 wani da ya nemi a sakaya sunansa ya miƙa shi ga ƴan jarida. A 2009 aka yi sulhu da jihar Kano kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, kuma sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya, bayan an yi musu gwajin ƙwayar halitta don tabbatar da cewa ƴaƴansu ne. Shekara goma sha biyar ke nan.

Shirun da aka yi bai tsare mutuncin yaro ko ɗaya ba. Abin da ya haifar shi ne zargi, domin a 2003, da aka dakatar da allurar shan inna a Kano, labarin Trovan yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, cutar kuwa ta tsallaka iyaka ta shigo har ƙasarmu. Idan jama'a suka gane ana ɓoye musu laifin masu magani, maganin gaskiya ma guje masa suke yi.

A tarihin Musulunci muna da misalin ɓangarorin nan biyu. Huzaifa ɗan Yamani, Allah ya yarda da shi, an ba shi sunayen munafukai a asirce, ya riƙe su bai watsa ba. Zaidu ɗan Arƙam kuwa, yana yaro a yaƙin Banu Musɗaliƙ, ya ji mugun zancen da Abdullahi ɗan Ubayyu ya yi, ya kai shi ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mai laifin ya rantse bai faɗa ba, manya suka ce wataƙila yaron bai ji daidai ba, Zaidu ya koma gida cikin baƙin ciki har aka saukar da surar da ta gaskata shi. Zaidu bai bi tanti-tanti yana ba da labari ba, ya nufi wanda ke da ikon hukunci ne. Imam Nawawi a Riyadus Salihina ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba haramtacciya, cikinsu akwai kai ƙara ga mai iko, da neman taimakon wanda zai iya kawar da ɓarna, da gargaɗin Musulmi daga sharri. A zamaninmu kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta yanke cewa asali shi ne haramcin bayyana sirrin majiyyaci, amma bayyanawa tana zama wajibi idan cutarwar da ke cikin ɓoyewa ta fi wadda ke cikin faɗa, kuma a faɗa wa wanda ya dace gwargwadon buƙata kawai.

Wannan gwargwado shi ne abin da ma'aikatan lafiya ke yi kullum ba tare da sun kira shi fiƙihu ba. Tsakanin Nuwamban 2022 da ƙarshen Janairun 2023 an ƙidaya mutum 559 da sanƙarau ya kama a jihar Damagaram, 18 suka rasu, mafi yawa a Dungas, har da Matamaye da Magariya da gundumarmu ta Mirya. Wannan ƙidaya daga hannun ma'aikatan jinya na ƙananan gidajen likita ta fito. Sun sanar da hukuma domin a kawo rigakafi, babu wanda ya ce sun ci amana, saboda adadi da wuri suka isar ga masu aikin, ba su tsaya bakin kasuwa suna kiran sunan gidan wane ba.

Inda muke ganin ana zamewa yau shi ne wayar hannu. Ma'aikaci ya fusata da gaskiyarsa, sai ya ɗauki hoton majiyyaci a kwance, ko hoton takardarsa da suna da komai, ya tura a WhatsApp ko Facebook domin duniya ta gani. Niyyarsa ta yiwu kyakkyawa ce, amma ya biya bashin gaskiya da dukiyar wani. Mai laifin yana iya samun canjin wurin aiki a manta da shi, hoton matar kuwa yana nan cikin wayoyin ƴan garinsu.

To ƴar'uwa mai tambaya, ga abin da muke gani. Shiru bai halatta gare ki ba, domin kwalaben nan in suna nan, akwai yaro na gaba. Ki rubuta abin da idonki ya gani kaɗai, da rana da lokaci da sunan maganin da lambar da ke jikin kwalba, kada ki haɗa da zato ko tsohuwar jiƙaƙƙa tsakaninki da shi. Ki fara da shugaban gidan likitan. Idan shi ne mai laifin, ko ya rufe zancen, ki wuce ga babban likitan gunduma, daga nan hukumar lafiya ta jiha. Waɗannan su ma amanar sirri tana kansu, kuma suna da ikon buɗe takardar da kansu, don haka ba sai kin kwafe ta kin fita da ita ba. Cutar uwar ba ta da alaƙa da allurar da aka yi wa yaron, saboda haka babu dalilin da zai sa ta fito daga bakinki ko a gaban su waye. Uwar kuma tana da haƙƙin sanin abin da ya sami ɗanta. Idan magana za ta kai gaban alƙali, a same ta ita kaɗai, ba a gaban miji ko dangi ba, a gaya mata abin da ke cikin takardar da wanda zai karanta ta, a nemi a rufe shafin da bai shafi shari'ar ba.

Ba za mu ɓoye miki cewa akwai farashi ba. Ana iya mai da ke wani ƙauye mai nisa, abokan aiki su daina zama da ke, a ce kin fasa ƙwai. Ki ajiye kwafin takardar ƙorafinki da ranar da kika miƙa ta, ki kuma sanar da ƙungiyar ma'aikatanku cewa kin shigar da ƙorafi, ba tare da kin faɗa musu sunan yaron ko na uwarsa ba.