Me Ya Sa Ciwon Suga Ke Yawan Kama Dattawa?

Sau da yawa idan aka gaya wa dattijo a asibiti cewa yana da ciwon suga, abin da zai fara cewa shi ne: "Likita, ai ni ba na shan zaƙi." Kuma yawanci gaskiya yake faɗa. Nau'i na biyu, wato wanda ke zuwa bayan girma, ba daga kofin shayi kaɗai yake fitowa ba.

Mu fara da tsoka, don ita aka fi mantawa. Idan an ci tuwo ko shinkafa, abincin kan narke ya zama suga a jini, sinadarin insulin kuma ya tura shi inda za a ƙona shi. Tsokoki ne ke ɗauke mafi yawansa. To, shekaru na ja, tsoka na zaizayewa, balle ga wanda ya ajiye fartanya ko ya yi ritaya ya koma zaman dakali daga hantsi har la'asar. Mazubin suga ya ragu, malmalar tuwo kuwa tana nan yadda take.

Sai tumbi, wanda wasunmu har yau ke ɗauka alamar hutu ce. Kitsen da ya taru a hanta da kewayen hanji yana sa jiki ya daina jin insulin. A auna ƙugu da awon tela: santimita 94 ga namiji, 80 ga mace, daga nan haɗari ya soma.

Akwai gado, akwai hawan jini. Haka macen da suganta ya taɓa hawa lokacin juna biyu, ko ta haifi jariri da ya haura kilo 4.

Wani abu da ke damunmu shi ne haɗin maganin ciwon gwiwa da tsofaffi ke saya a kemis babu takardar likita. In akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, ciwon zai lafa, amma suga zai hau.

Tsufa bai rufe ƙofa ba fa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, kan mutum sama da 3,000 da suganmu ya fara hawa irin nasu, ya nuna cewa rage nauyi kaɗan da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage kamuwa da kashi 58 cikin ɗari. Ga masu shekara 60 zuwa sama, kashi 71 ne.

Kada a jira yawan ƙishirwa, domin jin ƙishi na raguwa da tsufa. A kai Baba ko Inna gwajin jini da safe kafin su karya. In ya nuna 126 ko fiye, a maimaita wata rana, a ga likita.