Dasa Lemon Tanjarin a Gidanka

Maigida, in rani ya yi nisa ɗanyen ganye kan yi wuya, sai tuwo da miyar kuka. Jiki kuwa yana bukatar bitamin C kullum. Rashinsa kan sa dasashi ya yi jini, miki ya ƙi warkewa. Lemon tanjarin yana da shi, ga shi ko ƙaramin yaro ya iya ɓarewa da hannu.

A ƙasar Ringim damina gajeriya ce, kamar wata 4. Saboda haka ran itacen nan yana hannun mai ba shi ruwa.

Ka sayi dashe mai aure, shi ne kan fara 'ya'ya cikin shekara 3 ko 4. Dasa shi da farkon damina, kusa da rijiya. Kada ka sa shi inda ruwa ke kwanciya, kamar fadamar Kogin Haɗeja, saiwarsa za ta ruɓe.

Haƙa rami mai zurfin ƙafa 2, faɗi ƙafa 2, ka gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki. Kada ka binne gaɓar auren. Duk reshen da ya tsiro ƙarƙashinta, cire shi.

Da rani ka zuba masa garwa guda bayan kowane kwana 2, don jigawa ba ta riƙe ruwa. Rufe gindin da busasshiyar ciyawa, amma kada ta taɓa jikinsa, saboda gara. Yi masa shinge don awaki.

In ya nuna, a fara ba yara da mata masu ciki, kana a kai saura kasuwa.